Yadda Namadi Ya Ɗauko Marubuci a Motar Raguna

A bakin tashar Gummi, daura da rumfar Inna Marka mai tuwo, akwai wani ɗan shagon kwano inda ake cajin waya. Mai shagon sunansa Namadi, amma ya fi son a ce masa Injiniya, duk da iyakar injiniyancinsa shi ne ya ja igiyar janareta, in ta ƙi tashi ya kai mata ƙafa. Ban da caji yana ba da hayar littattafan Hausa da ya jera a kwali uku. Duk wanda ya kawo waya sai ya zauna a benci ya jira, kuma duk wanda ya zauna a bencin nan sai ya sha labari, ko yana so ko ba ya so.

A shekarun nan babu littafin da ya kama mutanen tashar kamar Gawar Da Ta Sayi Tikiti, na wani marubuci mai suna Uba Lirwanu. Labarin wani attajiri ne da aka binne ran Alhamis, ran Juma'a aka gan shi a tasha yana sayen tikitin motar Agadas. Littafi na ɗaya ya fito, na biyu ya fito, na uku ya tsaya daidai inda ɗan sanda ya riƙe hannun mai tikitin zai yaye masa rawani. Daga nan shiru, shekara uku cur. Bayan littafin babu hoto, sai dai an rubuta Tawa, Jamhuriyar Nijar, da lambar akwatin gidan waya. Ba wanda ya san marubucin.

Sai Namadi.

"Uba?" in ji shi wata safiya, yana soka caja. "Ai abokina na. Kwano guda munka ci da shi Sakkwato. Dogo na, ga ƙirji, ga gemu har nan. Ni nib ba shi shawarar rawanin nan ma."

Inna Marka ta leƙo daga rumfarta da mara a hannu. Jikarta ce ke karanta mata littafin, kuma tun da aka tsaya a kan rawanin nan ba ta huta ba. Ta ce, "To ɗan nan, tunda abokinka na, wa as sayi tikitin?"

Namadi ya rage murya yadda duk tashar za ta ji. "Tagwaye na, Inna. Mamacin yana da ɗan'uwa. Amma sirri na, kak ki hwaɗi."

A ƙarshen bencin akwai Malam Lukman, mai koyar da Hausa a makarantar sakandare, mutumin da bai cika magana ba sai in ya ga wurin sa allura. Ya ce, "Injiniya, makon jiya ka ce gajere ne."

"Ran nan zaune nig gan shi."

"Ka ce kuma a Gusau kuka haɗu."

"Malam, mutum sau guda shika haɗuwa da abokinai?"

"Gaskiya ne. To kira mana shi mu gaisa, ga wayoyi arba'in a gabanka."

Benci ya fashe da dariya. Dariyar nan ce ta shiga wa Namadi har ƙashi. Ya wuni yana huci, ya koma gida da shiri a kansa.

Matarsa Uwani tana da yaya a Bukkuyum, Auwalu, mai sayo raguna daga Nijar duk gabanin Babbar Salla. Wannan makon Tawa za shi, kuma yana neman mai kama masa igiya. Namadi ya zauna a kan turmi ya bayyana wa Uwani shirinsa. Zai bi Auwalu, ya nemo Uba Lirwanu, su ƙulla abota ta gaske, su ɗauki hoto kafaɗa da kafaɗa, ya dawo ya manna hoton a goshin shago daidai inda idon Malam Lukman zai riƙa faɗawa.

Uwani ta ce, "Kai da ba ka taɓa wuce Sakkwato ba? Can fa Faransanci aka yi."

"Na iya. Bonjur. Sa ba. Mersi."

"In sunka ba ka amsa fa?"

"In ƙara musu mersi."

"In ba ka ishe mutumin ba fa?"

"Uwani, marubuci kamar Uba ɓoyuwa shika yi? Ko akuya kit tambaya Tawa, kai ki gidanai za ta yi."

A tasha kuwa cewa ya yi Uba ne ya aiko a kira shi, wai ya maƙale a littafi na huɗu yana neman shawara.

Suka bi ta Sakkwato da Illela, suka tsallaka Ƙwanni. Tun daga kan iyaka Namadi ke rabon bonjur, har raƙumi ya samu nasa. Da suka isa Tawa ya tsaya sayen dabino wurin wata mata. Ta auna masa, ta ƙara ɗan dintsi a kai, ta ce, "Ga kado."

Namadi mutumin bakin gulbi ne, kuma a garinsu kado shi ne dabbar nan mai haƙora da ke kwance a ruwa. Kafin matar ta rufe baki ya dira a kan teburinta, yana tattare riga. "Ina shike? Ina shike?" Faifan dabino ya kife, awaki suka zo ɗauki. Sai da Auwalu ya janyo shi ƙasa ya ce masa a nan kado kyauta ake nufi, gyara ta yi masa.

"Na sani," in ji Namadi, yana kakkaɓe gwiwa. "Ƙarhin teburin nika gwadawa."

Washegari Auwalu ya shiga kara cinikin raguna, shi kuma Namadi ya sa farar rigarsa ya shiga gari. Mutumin da ya fara haɗuwa da shi, Namadi ya ce masa, "Bonjur. Uba Lirwanu nika biɗa, babban mai rubutun nan." Mutumin bai san wani Uba Lirwanu ba, amma ya san babban mai rubutu. Ya kai shi wani zaure inda wani malami ke zaune cikin alluna. Kafin Namadi ya gama gaisuwa malamin ya wanke allo ɗaya a ƙwarya ya miƙo masa. Kunya ta hana shi cewa ba irin wannan rubutun yake nema ba, ya shanye. Malamin ya dube shi da kyau, ya ce alamar damuwarsa babba ce, ya wanke allo biyu ya ƙara masa. Namadi ya fito ciki na ƙugi kamar tulu a bayan jaki.

Na biyu ya kai shi wurin mai rubutu a jikin manyan motoci. Namadi ya jingina da wata tirela yana yi masa bayanin littafi na uku, bai san fentin bai bushe ba. Ya bar wurin da jajayen haruffa a gadon bayansa, a juye, mutane na binsa suna ƙoƙarin karantawa. A gidan waya kuma ma'aikacin ya saurare shi da ladabi, ya ce ba a faɗin sunan mai akwati. Namadi ya ce mersi. Ma'aikacin ya ce wani abu mai tsawo da Faransanci. Namadi ya ƙara masa mersi ya fito.

Kwana biyu yana yawo, ba Uba ba labarinsa. Mai hankali da sai ya koma gida ya ce abokin ya yi tafiya. Namadi kuwa sai ya ari wayar Auwalu ya kira Malam Lukman, don dai a ji muryarsa daga ƙasar waje.

"Malam, bonjur. Ga mu nan zaune da Uba, hura muka sha."

Malam Lukman yana kan bencin shagon a lokacin. Ya buɗe murya kowa na ji. "Madalla. Ba shi mu gaisa."

"Ya tashi alwalla."

"Muna jira."

"Ya ta da salla."

"Da ƙarfe goma na safe?"

"Walaha ta, Malam. Mutumin akwai ibada."

"In ya sallame fa?"

Namadi ya ji dariyar nan ta benci ta biyo shi har Nijar. Jini ya hau masa kai. Ya ce, "Mi za a yi da gaisuwar waya? Da shi za ni tahowa! Ran Assabar muna Gummi, ku shirya tarba!"

Ta cikin wayar ya ji Inna Marka ta rangaɗa guɗa. Ya kashe, ya tsaya yana kallon wayar kamar ita ta yi maganar.

Ran Juma'a da safe ana loda raguna a motar Auwalu. Namadi na zaune a gefe ya dafe kai. Kusa da shi wani tsoho ne siriri, da gajeren furfura a haɓa da tsohuwar hula, ya rungume wani buhun leda a cinya. Duk wanda ya wuce sai ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Mushe." A Nijar haka ake kiran malamin makarantar boko. Namadi bai sani ba, shi mushen da ya sani shi ne dabbar da ta mutu ba yanka.

Ya zabura. "Kai, mutanen ga ba su da ta-ido! Don mutum ya rame sai a ce mishi mushe?"

Tsohon ya ce, "A'a, ɗana, ai nan..."

"Bari, Baba, kak ka kare su. Mi as sunanka?"

"Ɗahiru. Mota nika jira mai shiga Nijeriya. Gusau za ni, in kai 'yan takardu."

"Na asibiti ko? Allah shi ba da lahiya."

Namadi dai ba ya iya riƙe magana, ko da ta kansa ce. Nan da nan ya zazzage wa tsohon komai, ya ce abokinsa Uba Lirwanu ya saɓa masa alkawari ga jama'a na jira. Da jin sunan, tsohon ya ƙware da goron da yake ci, sai da aka bubbuga masa baya.

Ya share ido ya ce, "Abokinka na?"

"Ƙut da ƙut. Rabin littahin nan ni nih hwaɗa mishi."

"Ikon Allah. Wane rabin?"

"Mai daɗin."

Tsohon ya gyara zama, ya dubi Namadi kamar wanda ya tsinci abu a hanya. Shi ma Namadi ya dube shi, daga hula har takalmi, sai wata dabara ta faɗo masa. Ya matso.

"Baba, ka iya karatu?"

"Ina ɗan taɓawa."

"To kak ka taɓa. Ga mota kyauta har Gummi, ga tuwo da nama, jibi in sa ka motar Gusau. Abin da nika so guda na: ka zama Uba Lirwanu na wuni ɗaya."

"Anya zan iya?"

"Da wuya, don ba ka da sihwar marubuta ko kaɗan. Amma ni zan koya ma."

Tsohon ya motsa baki, kamar mai danne tari. Ya ce, "To. Allah shi sa in iya."

Darasin bai da yawa. Duk abin da aka tambaye shi ya dubi sama, ya ce "Lallai," ya yi tari sau biyu, Namadi zai fassara. In an matsa a kan mai tikiti, ya ce tagwaye ne.

"Tagwaye?" in ji tsohon. "Ba an ce uwar attajirin shi ɗai ta haihwa ba, tun littahi na ɗaya?"

"Kai ina kaj ji?"

"Hira aka yi, nij jiya."

"To ka gani? Shi as sa shi marubuci na, kai kau mai jiran mota. Ka riƙe tagwaye."

Gaban motar mutum uku yake ɗauka: direba, Auwalu, da ɗaya. Auwalu ya ce a bar wa dattijo. Namadi ya ce shi ne mai tsara taro, yana buƙatar wurin tunani, kuma iska tana da amfani ga mai takardun asibiti. Haka aka ɗora tsohon a baya, a kan buhun dusa, tsakanin raguna talatin da biyu, yana rungume da buhunsa. Duk inda aka tsaya salla Namadi sai ya leƙa ya yi masa jarrabawa.

"Malam Uba, mi ya sa kake rubutu?"

"Lallai." Tari biyu.

"Tarin ya yi ƙarami. Marubuci daga ƙirji shika tari."

Suka kwana a hanya. Ran Asabar da hantsi suka tsaya a Daki Takwas don a shirya baƙo. Namadi ya zura masa babbar rigarsa ta Salla, wadda za ta ɗauki tsoho uku irinsa. Ya karɓi baƙin tabarau na direba ya ƙwama masa. Warin raguna ya ƙi fita, ya juye masa kwalbar turare guda, aka samu wani sabon wari da ba a taɓa ji ba. Sa'annan aka dawo da tsohon gaba, Namadi ya hau baya, wani rago mai ƙaho ya yi masa maraba a ƙugu.

Bai san girman abin da bakinsa ya jawo ba sai da motar ta karyo kwanar tashar Gummi. An kafa rumfuna biyu, an jera kujerun roba, an ɗaure lasifika a jikin bishiya. Masu karanta littafin sun zo daga Anka cikin bas biyu, 'yan kabu-kabu sun yi ayari daga Bukkuyum. Inna Marka ta yanka zakarunta biyu da take ajiye wa Salla. Uwani na tsaye cikin mata ta naɗe hannu, tana kallon mijinta yana sauka da kashin tumaki a gwiwa.

Inna Marka ta ce, "Babban marubuci cikin motar bisashe?"

"Bincike shika yi, Inna. Littahinai na gaba kan tumaki na."

Wani daga Anka ya ce, "Ba ka ce dogo na ba, mai gemu?"

"Zazzaɓi yay yi, ya rage tsawo. Gemun kau wanzami yak kuskure."

Aka zaunar da baƙo a kujerar tsakiya. Namadi ya karɓi makirfo, ya yi jawabin rabin awa a kan abotarsu, yadda suka yi kiwo tare, yadda ya taɓa ceto Uba daga rijiya, yadda Uba ya so sa sunansa a bangon littafi ya ƙi saboda tawali'u. Tsohon na zaune cikin riga kamar tsinke a buhu, kafaɗunsa na rawa. Mutane suka ce tsufa ne.

Aka buɗe tambayoyi. Wani ɗan kabu-kabu ya ce me ya sa aka yi shekara uku ba littafi na huɗu.

Tsohon ya dubi sama. "Lallai." Ya yi tari biyu, masu kyau, daga ƙirji.

Namadi ya ce, "Abin da shika nuhi, ilimi ba a yi mishi gaugawa." Aka yi tafi. Namadi ya ji daɗi har ya ɗaga wa Malam Lukman gira.

Inna Marka ta miƙe. "Ni ban son hwassara. Malam, don Allah, tagwaye na?"

Tsohon ya dubi sama. "Lallai." Tari biyu. Sai ya ƙara da cewa, "Lallai ba tagwaye ba na."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Namadi ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ya ce cikin makirfo, "Gajiyar hanya ta! Wasa shika yi, marubuta akwai barkwanci!"

A nan Malam Lukman ya tashi, a hankali, ya zaro wata takarda daga aljihu. Ya ce, "Jama'a, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara uku da suka wuce na rubuta wa Uba Lirwanu wasiƙa ta akwatin nan na bayan littafi. Ya ba ni amsa da hannunsa, ga ta. Ba mu buƙatar gardama. Ga biro, ga takarda. Baƙonmu ya rubuta layi biyu a kan abin da na tambaye shi, mu gwada hannu da hannu."

Shugaban 'yan kabu-kabun Bukkuyum ya ce, "In ƙarya ta kau, mun ƙona mai banza, gulbi na kusa. Da shi da wanda yak kawo shi, sai sun yi wanka."

Namadi ya ji rubutun da ya sha a Tawa yana neman hanya. Ya ce baƙo ya gaji. Ya ce hannunsa na ciwo. Ya ce marubuta ba su rubutu ran Asabar. Ba wanda ya kula shi, don tsohon ya riga ya tura tabarau goshi, ya naɗe hannun riga har sau biyar, ya karɓi biro. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya sunsuna, ya dubi Namadi ya ce, "Ta wane bakin aka kamawa?"

Wannan tambayar ce ta ƙarasa Namadi. Ya hango gulbi, ya hango kansa a ciki. Ya damƙi makirfo da hannu biyu ya zube gwiwa a ƙasa.

"Jama'a, ku yi min rai! Ba shi na ba! Wallahi ba shi na ba! Tsintar shi niy yi bakin kara! Ban san Uba Lirwanu ba, ban taɓa ganinai ba, ko inuwatai! Wanga tsoho mai jiran mota na, ko biro bai iya riƙewa! Rigar tawa ta, tabarau na direba na, bayan mota nid ɗauko shi cikin raguna! Can garinsu ma mushe aka ce mishi!"

Lasifikar ta kai maganar har kasuwa. Wuri ya kaure. Inna Marka ta ɗora hannu a ka tana kiran zakarunta. Mutanen Anka suka fara naɗe hannun riga. Uwani ta ja mayafi ta rufe fuska, ba don kuka ba. Samari kuwa duk sun ɗaga wayoyi.

Mutum biyu ne kawai ba su motsa ba. Tsohon yana ta rubutu, hannunsa na gudu a kan takarda. Malam Lukman na tsaye a kansa, baki buɗe. Da tsohon ya ajiye biro, Malam Lukman ya ɗauki takardar, ya ɗora kusa da wasiƙarsa, ya duba wannan, ya duba waccan. Ya zare makirfo daga hannun Namadi.

"Ku saurara! Don Allah ku saurara!" Ya karanta: "Malam Lukman, har yanzu ina kan bakana. Ka ce na yi kuskure a shafi na sittin, wai attajirin da hannun hagu yake cin goro a littafi na ɗaya, da dama a na uku. Ba kuskure ba ne. Ka ci gaba da lura da hannun nan."

Ya ɗago kai. "Jama'a, tambayata ke nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kuma hannun ɗaya ne, har yadda yake lanƙwasa wutsiyar harafin ya." Ya cire hularsa ya durƙusa. "Malam, barka da zuwa Gummi."

Duk idanu suka koma kan tsohon.

Tsohon ya miƙe, ya tuɓe babbar rigar ya ninke. Ya ce sunansa Ɗahiru, shekara talatin yana koyarwa a Tawa. Uba sunan mahaifinsa ne, Lirwanu na kakansa, su ya ara ya sa a littafi don kada iyayen yara su ce malami ya koma tatsuniya. Shekara ukun nan yanar ido ce ta kwantar da shi, sai bara aka yi masa aiki. Ya kwance bakin buhun ledarsa ya fito da damin takardu ɗaure da zare. "Ga littahi na huɗu. Shi za ni kaiwa Gusau wurin mai ɗab'i."

Ihun da aka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Inna Marka ta yi guɗa uku a jere, ta zo ta kama hannunsa. "To Malam, kana ji kana gani kab bari anka sa ka cikin tumaki, don mi ba ka yi magana ba?"

"Hajiya, shekarata ashirin ina wahalar ƙirƙiro maƙaryata a takarda. Rana guda Allah ya kawo min wanda ya hi su duka, ya zauna kusa gare ni, har da mota kyauta. In bar shi shi wuce?"

Namadi na nan a durƙushe. A hankali ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya matsa kusa da tebur yana murmushi. "To kun gani? Ni na san shi na tun Tawa. Gwada ku nika yi."

Uwani ta ce daga cikin mata, "Har da kukan?"

Malam Ɗahiru ya ce, "Ɗana, yanzun ga kar rantse gaban jama'a ba ka taɓa ganina ba. Kak ka ɓata rantsuwarka, ita ɗai ta gaskiyar da kah hwaɗi tun Juma'a, ita ma rabi."

Aka zaunar da shi, aka kawo zakarun Inna Marka. Ya ci ya ƙoshi, sa'annan ya kwance damin ya karanta musu babi na farko na littafi na huɗu, inda ɗan sanda ya yaye rawanin. Da aka zo daidai fuskar sai ya rufe takarda, ya ce sauran sai an buga. Inna Marka ta yi rantsuwa ba zai bar Gummi ba. Namadi bai ji ko kalma ɗaya ba, don 'yan kabu-kabun Bukkuyum sun ce tunda an riga an ambaci wanka, kuma yana warin raguna, ba kyau a fasa. Suka kai shi gulbi a kan babur, da rakiya, suka dawo da shi yana ɗiga.

Washegari Malam Lukman da kansa ya raka baƙon Gusau, a kujerar gaba.

Ran Litinin Namadi ya buɗe shago kamar ba abin da ya faru. Benci ya cika fiye da kullum, kowa da wayarsa. Ya jera su a tebur, ya ja janareta, ya gyara murya, ya fara: "Ai abin da ba ku sani ba, ni da Malam Ɗahiru tun hanya munka shirya..."

Sai wata waya a tsakiyar tebur ta yi ƙara. Ba kiɗa ba ne, muryarsa ce, tana kuka: "Ba shi na ba! Wallahi ba shi na ba! Tsintar shi niy yi!" Kafin ya gano wace ce, ta kusa da ita ta ɗauka, sa'annan ta uku. Mutanen benci ne ke kiran junansu, kowa ya sunkuyar da kai kamar mai tasbihi.

Inna Marka ta leƙo daga rumfarta. "Injiniya, ɗauka mana. Ƙila abokinka na."